Haƙora Huɗu a Tafkin Savuloa

Naivatu, Taveuni
Laraba, 17 ga Agusta

Zuwa ga uwargidana Torika,

Gaisuwa mai tarin yawa da so da kewa. Ina fata kina lafiya, ke da yara, da fatan ƙafar nan taki ta daina kumbura. Yaya Lautoka, yaya zafi? Ni dai na iso lafiya, mun gode Allah.

Jiya na shigo gari a motar la'asar. Na kai gaisuwar saiwar yangona, wadda ake jiƙawa a sha a wurin taro, gaban mai gari, dattijo Nemani, aka karɓe ni yadda ake karɓar ɗan mace a garin kawunnansa, har da shimfiɗa mini sabuwar tabarma. Bandir ɗin yadi da garwar kananzir da kika haɗa duk na miƙa. Nei Varanisese, matar kawuna, ta ce in gode miki. Ta rame ƙwarai tun rasuwar mijinta, Momo Waisake. Ba ta ce mini uffan ba a kan rashin zuwana jana'izarsa, ni kuwa da na haddace uzurina na zuwan masu duba makarantu tun daga jirgi, sai na rasa wanda zan karanta wa.

Wani abin haushi kuma, haƙoran nan nawa na roba, huɗun gaba, sun ɓace. A jirgi ne. Teku ta yi hauka, na leƙa ta gefe ina amai, suka bi ruwa. Ki duba akwatin ƙarƙashin gado ko tsofaffin suna nan. Kin san taubashina Kitione ba zai bar wannan ta wuce ba. Ina buɗe baki in gaishe shi ya dafe ƙirji ya ce, "Tavale, taubashina! Wa ya sace maka ƙofar gida? Shugaban makaranta guda, baki kamar shingen da alade ya fasa!" Na ce masa, "Kai mai talatin da biyu, me ka taɓa taunawa da su ban da rogon mutane?" Ya ce ai ni ɗan mace ne, komai na garin nan na ga dama in ɗauka, to in je in zaɓi haƙora a bakin dokin babansa. Har Nei sai da ta murmusa, an ce rabonta da haka tun watan Mayu.

Sai dai na tarar da garin ba daɗi. Kin san tun ranar da aka binne Momo aka ɗaure tafkin da ke ƙarƙashin mafaɗar ruwa ta Savuloa har dare ɗari. Ba wanka, ba kamun kifi, ko hannu ba a tsomawa. Asabar ɗin nan za a kwance, kuma Kitione, da yake shi ne ɗan fari, shi zai fara shiga ya cire sandar da aka kafa, sannan a saka taru a kamo kifin walima. Tun rasuwar shi ke gadin wurin, don gonarsa na kusa. To jiya da hantsi wasu mata masu dawowa daga gona suka ji an ƙwala ihu daga kan babban dutse, sannan suka ji tsundum. Da suka leƙa ba kowa, amma ruwan ya gurɓace, sandar mai ganyen kwakwa kuma ta karkace. Sun ce ihun nan ne da Momo yake yi in zai yi tsalle. Yanzu ana ta raɗe-raɗin Kitione ne. Gobe dattawa za su zauna, in suka kama shi da laifi za su hana shi cire sandar.

Ina fata dai abin zai wuce. Ki gaida Litiana da ƙannenta, ki ce musu hutu ba shi ne barin littafi ba.

Naki har kullum,
Sailasa

Juma'a, 19 ga Agusta

Torika, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida yara, Allah ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Kada ki wahalar da ƙafarki wajen jawo akwatin nan. Ki zauna ki karanta wannan ke kaɗai.

Ƙarya na yi miki a takardar shekaranjiya. Teku lafiya lau take, ko tashin zuciya ban yi ba. Kuma ba motar la'asar ce ta kawo ni ba, ta safe ce. Da muka iso gadar da ke gaban gari sai na kasa tunanin yadda zan kalli Nei. Na ce wa direba ya sauke ni, na ɓoye kayana cikin ciyawa, na bi tsohuwar hanyar baya da ke hawa zuwa Savuloa. Na ce wa kaina gaisuwa zan je in yi wa Momo a wurin da ya fi so, in zauna a bakin ruwa in yi addu'a in dawo.

Na ga sandar, Torika. Ba zan ce miki ban gan ta ba. A kanta ma na rataye rigata da zanena.

Ban san yadda zan gaya miki ba tare da na ƙara wa kaina laifi ba, amma wurin ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba. Ruwan yana zubowa daga sama fari fat, feshinsa yana dukan fuskata tun daga nesa, tafkin kuma ya kwanta garau har ina ƙirga duwatsun ƙasa. Wata uku ba wanda ya dame shi. Jatan lande sun yi yawa har sun daina tsoron mutum, da na tsoma ƙafa sai suka taso suna tsattsakurar yatsuna. Daga ƙafa sai gwiwa, daga gwiwa sai na tsinci kaina a tsakiya ina iyo. Sanyinsa ya shiga har ƙashina. Na je ƙarƙashin mafaɗar na tsaya ruwan yana dukan kafaɗuna, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka aiko mini da rasuwar. A nan ne Momo ya koya mana iyo, ni da Kitione, yana riƙe da mu ta ciki, ɗaya a kowane hannu.

Da a nan na tsaya, da ba wanda zai sani. Amma mijinki, mai shekara hamsin da biyu, mai hana yara gudu a barandar makaranta, sai ya hau babban dutse. Na tsaya a saman ina rawar sanyi, na buɗe baki iyakar buɗewa na yi ihun Momo, na yi tsalle. Ko da na taso, bakina fayau. Na nutsa sau biyar ina lalube, sai na ji muryoyin mata. Na fizgi kayana daga kan sandar, abin da ya karkatar da ita ke nan, na faɗa cikin gonar gwaza tsirara. Awa biyar na yi a ɓoye kusa da gada, sauro yana cina. Da motar la'asar ta wuce, na kwashi kayana na bi bayanta, na shiga gari ina karkaɗe ƙura kamar wanda ya sha tafiya.

Jiya da rana aka yi zaman. An ajiye ni a sama, dab da mai gari, Kitione kuwa can bakin ƙofa. Dattijo Nemani ya tambaye shi sau uku, sau uku yana cewa, "Ban shiga ba." Wani ya ce ai kowa ya san Kitione da taurin kai, tun yana yaro ba a hana shi abu ya hanu. Nemani ya ce, "Ɗana, mutum biyu ne suka rage a duniya da suka iya ihun nan. Ɗayan yana cikin mota a lokacin. To wa ya rage?" Sai Kitione ya ɗago kai ya dube ni. Ba idona ya kalla ba, bakina ya kalla. Na rantse miki na buɗe shi zan yi magana, sai ga ƙoƙon yangona an miƙo mini. Na tafa, na karɓa, na shanye, na sake tafawa sau uku, magana ta bi yangona ta koma ciki.

Hukuncin shi ne Kitione ba zai cire sandar ba. Nemani zai cire da kansa, Kitione kuwa sai kowa ya gama shiga sannan ya taɓa ruwan. Ya sunkuyar da kai ya fita.

Abin da ya riƙe mini harshe, ba tsoron duka ba ne, ba wanda zai taɓa ni a garin nan. Hoton kaina na gani tsirara cikin gwaza, na ga labarin ya haye teku ya isa ɗakin malamai a Lautoka. Kin ga girman abin da na ɗora a kan sikeli ɗaya da mutuncin ɗan'uwana. Nei kuwa tun da na zo sai ta dama mini gwaza da madarar kwakwa ta yi laushi, wai don kada in wahala wajen tauna.

Gobe da sassafe, kafin a hau Savuloa, zan je wurin Nemani in faɗa masa komai. Na yi wa Allah alkawari, na yi miki. Ki saka ni a addu'a.

Mijinki,
Sailasa

Lahadi, 21 ga Agusta

Zuwa ga Torika,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yara. Ina fata kun je coci lafiya. Ni ma na je, na zauna a benci na gaba inda suka ajiye ni.

Ban faɗa ba.

Na tashi da wuri, na ɗaura zanena mai aljihu, na je har ƙofar Nemani. Yana ganina ya ce, "Yawwa, ɗan'uwanmu mai ilimi, kai nake nema. Fasto ya tafi wani gari, kai za ka yi mana addu'ar kwance ruwa." Na ce to. Haka kawai na ce, to. Na tsaya a bakin tafkin gaban mutanen gari uku, na yi addu'a doguwa mai tsari, iska tana fita ta giɓin bakina, har na roƙi Allah ya shiryi wanda ya ƙetare iyaka. Mutane suka ce amin.

Nemani ya shiga ruwan yana dogara sanda, ya jijjiga alamar da ƙyar har ta fita. Aikin da Kitione zai yi da hannu ɗaya. Aka busa ƙahon teku, maza suka faɗa da taru, mata suka bi da kwanduna, wuri ya kaure da shewa. Kifi kam an samu, tsofaffi sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Duk wannan Kitione yana tsaye a kan tudu, hannuwansa a baya, yana kallon wani yana fita da sandar babansa. Matarsa ta juya baya tana share ido da bakin riga.

Da aka gama aka ce to, yanzu Kitione yana iya shiga. Ya tuɓe riga a hankali, bai bi inda taru ya bi ba, ya yi iyo kai tsaye zuwa gindin babban dutse, daidai inda mai tsalle yake faɗawa. Ya nutsa, ya taso, ya sake nutsawa. A na uku ya daɗe har na fara ƙirga. Da ya fito sai ya nufo ni, ruwa yana ɗiga daga gemunsa, ya miƙo hannu kamar mai gaisuwa. Na ji abu mai sanyi a tafin hannuna. Ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Malam, ga kayanka. A ci abinci lafiya."

Shekara hamsin muna tare, Torika. Ya kira ni ɓarawon kaji, ya kira ni mai ƙafar ƙadangare, ranar aurenmu a gabanki ya ce an yi miki sauyin kaya a kasuwa. Bai taɓa kirana Malam ba.

An buɗe ramin girki, an ci alade da gwaza da jatan landen da suka tsakuri ƙafata. Mata masu takaba sun cire baƙaƙen kaya. Ni ina zaune a saman tabarma, haƙorana a aljihu suna cizon cinyata. Kitione shi ya yi ta rarraba abinci, da ya zo kaina ya durƙusa ya ajiye da hannu biyu, kamar yadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba.

Yau bayan coci na bi Nemani gida na faɗa masa, tun daga gada har gonar gwaza. Na fito da haƙoran na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce, "Ranar Alhamis wannan magana da ta yi amfani."

Ga roƙona. Tambuwar nan da babanki ya ba mu, haƙorin babban kifin teku da ke naɗe cikin farin ƙyalle a saman kabad, ki ba wa ɗan'uwanki ya kawo mini da kansa a jirgi na gaba. Na san mun ajiye ta ne don ranar da za a nema wa ɗanmu aure. Amma ba zan iya neman gafarar gidan Momo da saiwar yangona kaɗai ba. In kin ƙi, ba zan ga laifinki ba. Ki kuma aika wa mataimakina a makaranta cewa zan makara da komawa. In ya tambayi dalili, ki gaya masa gaskiya, ko yanzu ko anjima zai ji.

Ki yafe mini ƙaryar farko.

Naki,
Sailasa

Juma'a, 2 ga Satumba

Uwargida Torika,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya san an yi masa alherin da bai cancanta ba. Yaya jikinki, yaya yara? Ɗan'uwanki ya iso ranar Talata da saƙon. Na ga 'yar takardar da kika cusa cikin ƙyallen, mai layi ɗaya, cewa in na ƙara hawa dutse ke za ki turo ni. Na karɓa.

Shekaranjiya aka yi zaman neman gafara a gidan Nei. Wannan karon ni ne a bakin ƙofa. Na shiga da rarrafe, tambuwa a hannuna, na faɗi abin da na yi da bakina, ban rage ko tsiraicin ba. Sai Nemani ya ce, "To, haƙori ka jefa mana a ruwa, haƙori ka kawo. Naka huɗu, wannan ɗaya, amma dai ya fi su girma." Mutane suka fashe da dariya, wata tsohuwa har da faɗuwa a kan tabarma. Na ji sauƙi kaɗan, har na ɗaga kai. Kitione bai yi dariya ba.

Ya karɓi tambuwar yadda ake karɓa, ya sumbaci igiyarta, ya faɗi kalmomin da ake faɗa ba tare da ya tsallake ko ɗaya ba. Ya ce an binne maganar, kada kowa ya ƙara tono ta. Nemani ya nemi gafararsa shi ma a madadin dattawa, sannan ya kawo shawara a sake ɗaure tafkin na dare goma, don Kitione ya cire sandar da hannunsa. Kowa ya ce madalla. Kitione ya girgiza kai ya ce, "Na gode, Baba. Amma ubana sau ɗaya ya mutu."

Bayan an watse Nei ta kira ni ɗakin girki. Ta ce tun ranar da na shigo ta sani, don ta ga gashina da ɗanyen ganye a ciki, motar la'asar kuma ba ta bi ta daji. Na ce me ya sa ba ta tona ni ba, ga ɗanta ana wulaƙantawa? Ta ce Kitione ne ya hana, ya ce mata, "Bar shi, Inna, tavalena ne, zai faɗa da kansa. Wasa yake ja mini." Har safiyar Asabar yana cewa haka. Sannan ta ce, "Sailasa, kai fa ɗan mace ne. Kawunka bai taɓa hana ka komai nasa ba. Da ka shigo ta ƙofa ka ce Nei, na yi wauta, na faɗa ruwan Momo, da ƙoƙon yangona ɗaya ya kashe maganar, a yi maka dariya kwana biyu a manta." Ta ci gaba da kankare kwakwarta. Na ɗauki wata na taya ta.

Na mayar da haƙoran bakina, sun zauna daidai, ko tsagewa ba su yi ba. Kowa a gari yana tsokanata. Mata in sun gan ni sai su ce a ɓoye gwaza, ga mai gona ya zo. Mutum ɗaya ne ba ya yi. Kullum da safe sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Malam, an tashi lafiya?" In na shigo wuri ya gyara zama. Jiya na bi shi gona na taya shi shuka yangona har hannuna ya yi kanta. Da muka zauna hutawa na yi ta maza na ce masa, "Kai, wannan kunya taka ko macijin da ya sha giya ya fi ta miƙewa." Na jira. Ya dubi kunyar, ya dube ni, ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Za a gyara."

Daga gonar ana jin ƙarar Savuloa. Yara da manya suna ta wanka tun da aka kwance, ni ban sake zuwa ba, shi ma an ce bai sake ba.

Jirgin Litinin zan biyo. Kitione ya riga ya ce shi zai ɗaukar mini jaka zuwa gada, na ce ya bari, ya ce ai wajibi ne. In Allah ya kai mu Kirsimeti ina so mu dawo tare, da ke da yara, in kin yarda. Kafin nan, in kin durƙusa addu'a, kada ki roƙa mini lafiya ko ƙarin girma, ina da su sun ishe ni. Ki roƙa mini Allah ya sa Kitione ya zage ni.

Ki gaida kowa da kowa. Sai na iso.

Mijinki mai kewarki,
Sailasa